Alheri Don Allah, Ko Don Tukuici?

  

'Yan'uwa masu karatu, abin da ya jawo maganarmu ta wannan mako wata gardama ce da na tarar ana yi a ƙofar masallacin unguwarmu bayan an idar da sallar isha'i. Wani attajiri ne ya haƙa wa unguwar rijiyar burtsatse, ya kuma sa aka rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a jikin tankin ruwan. Wani dattijo yana ta sa masa albarka, yana cewa tun da aka haƙa rijiyar jikokinsa suka huta da sammakon neman ruwa. Sai wani saurayi wanda ya yi karatun zamani mai zurfi ya ce, "Baba, ai ruwa ba ya tsami banza. Mutumin nan takara zai tsaya. Kuma ba shi kaɗai ba, duk duniya babu mai yin alheri don wani. Duk wanda ka ga yana kyauta kansa yake yi wa: wani suna yake nema, wani ƙuri'a, wani kuwa lada. Duka ciniki ne, kasuwar ce kawai ta bambanta." Dattijon ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce, "To, yaro, ni dai ruwa na sha, ban sha niyyarsa ba."

Aka yi dariya aka watse, amma ni maganar ba ta bar ni na yi barci da wuri ba, domin kowanensu ya ɗaga tambaya mai nauyi. Saurayin yana tambaya ne ko akwai taimako na tsakani da Allah a doron ƙasa. Dattijon kuwa yana tambaya ne ko niyyar mai taimako tana da wani amfani, tun da dai taimakon ya isa ga mai bukata. Idan saurayin ya yi gaskiya, to, ikhlasi suna ne kawai ba shi da jiki. Idan kuwa dattijon ya yi gaskiya, to, wahalar banza malamai suka sha da suka cika littattafai da gargaɗi a kan riya.

Bari mu fara yi wa saurayin adalci, gama maganarsa ba ta rasa tushe ba. Mu dubi al'adarmu ta biki. Mace takan kai wa ƙawarta gudunmawa ranar suna ko aure, a rubuta abin da ta kawo, ranar nata bikin kuwa a mayar mata da ƙari. In ba a mayar ba, zumunci ya yi tsami. Mu dubi wurin taro, inda mai kuɗi ba ya miƙa kyauta sai ta hannun maroƙi, don a shelanta wa jama'a nawa ya bayar. Mu da kanmu muke cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya, kuma alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wanda ya tashi yana jin waɗannan maganganu, ba laifinsa ba ne in ya zaci kowace kyauta bashi ce da aka yi wa ado.

Masana na wasu ƙasashe ma sun daɗe suna wannan zato. An ba da labarin wani masanin falsafa na Ingila mai suna Tomas Hobs, wanda ya rasu a shekarar 1679, cewa wata rana a birnin Landan ya ga wani tsoho marar lafiya yana bara, ya ba shi sisi. Wani malamin coci ya tambaye shi ko da zai yi haka in ba don addini ya yi umurni ba. Ya amsa da cewa zai yi, domin ganin halin tsohon ya sa shi ƙunci, kuma sadakar da ta rage wa tsohon wahala ta rage masa nasa ƙuncin. Daga baya masu nazarin halittu suka kawo nasu bayanin. A shekarar 1964 wani masani mai suna Hamilton ya nuna yadda dabba kan sadaukar da kanta don danginta na jini, a 1971 kuma wani mai suna Tribas ya yi bayanin taimakon da ake yi wa wanda ba dangi ba bisa tsammanin zai rama. A nasu lissafin, alheri yana da riba ga mai yin sa ko ga zuriyarsa, shi ya sa bai ɓace daga duniya ba.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya riga su taɓo wannan magana. A cikin littafinsa na sharhin sunayen Allah kyawawa, da ya zo kan sunan Alwahhabu, ya bayyana cewa kyauta tsantsa wadda babu wata bukata a bayanta ta Allah ce Shi kaɗai. Ɗan Adam kuwa ba ya rasa abin da yake nema, ko yabo, ko kuɓuta daga zargi, ko lada. Wannan gaskiya ce da Musulmi ba ya jin kunyar faɗinta. Allah ne Mawadaci, mu kuwa mabukata ne tun daga numfashinmu na farko har na ƙarshe. Alƙur'ani da kansa ya kira ciyarwa rance ga Allah a cikin Suratul Baƙara, ya kuma kira imani da aikin ƙwarai fatauci a cikin Suratus Saffi.

To, ke nan saurayin ya ci gardama? A'a, da sauran magana. Kuskurensa a wuri biyu yake.

Na farko, ya haɗa abin da mutum ya nufa da abin da ya biyo bayan aikinsa. Uwa takan ji daɗi in ɗanta ya warke daga zazzaɓi, amma babu mai hankalin da zai ce don ta ji daɗi ta kwana tana jinya. Daɗin ya zo ne domin tun farko lafiyar yaron take so. Da ba ta damu da shi ba, da warkewarsa ba ta faranta mata rai ba. Haka shi ma Hobs: me ya sa ganin tsohon ya sa shi ƙunci, alhali dubban mutane sun wuce ba su ji komai ba? Ƙuncin nan shi ne shaidar cewa halin wani ya dame shi. Kuma da kawar da ƙuncin ne kaɗai nufinsa, ai da akwai hanya mafi arha, watau ya kau da kai ya tsallaka titi.

An ma gwada wannan a aikace. A shekarar 1981 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kansas ta Amurka, mai suna Batson, ya fitar da sakamakon wani gwaji da ya yi. An sa ɗalibai su kalli wata budurwa da suka zaci ana azabtar da ita da wutar lantarki, aka ce wadda ta ga dama tana iya karɓar wurinta. Waɗansu an ba su damar tashi su tafi abinsu, waɗansu kuwa an ce dole su ci gaba da kallo. Sai aka ga waɗanda tausayin budurwar ya kama sosai, yawancinsu sun yarda su karɓi wahalar ko da ƙofa tana buɗe. Da guje wa ƙunci ne kaɗai ya motsa su, da sun bi ƙofar.

Mu kuwa ba sai mun je Amurka ba. Ranar 23 ga watan Yuni na shekarar 2018, 'yan bindiga sun kai hari a ƙauyukan ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato. Limamin ƙauyen Nghar, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara fiye da 80, ya ɓoye Kiristoci 262 a cikin masallaci da cikin gidansa. Da maharan suka zo, ya fito ya tsaya a gabansu, ya hana su shiga, yana roƙonsu, har ya miƙa ransa a madadin na baƙinsa. Gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo a shekarar 2019, amma wa zai ce a lokacin da yake tsaye gaban bindiga lambar yabo yake hange? Mutanen ba danginsa ba ne, ba mabiya addininsa ba ne, kuma babu alamar zai kwana da rai balle ya ci ribar alherinsa.

Kuskure na biyu ya fi na farko girma. Saurayin ya ce mai neman suna da mai neman lada duk ɗaya ne, kasuwa ce kawai ta bambanta. Ai kuwa bambancin kasuwar nan shi ne maganar gaba ɗaya. Tun da mun yarda ɗan Adam ba ya rasa bukata, abin tambaya shi ne: a wurin wa yake jiran biya? Wanda yake jiran biya daga mutane ya ɗora wa talakan da ya taimaka bashi. Dole ya gode, dole ya durƙusa, dole ya tsaya a ɗauke shi hoto, dole ya ba da ƙuri'a. Wanda kuwa yake jiran biya daga Allah ya sallami talakan, ya tafi da abinsa da mutuncinsa, ba a bin sa komai. Shi ya sa a cikin Suratul Insan aka yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme, aka kuma siffanta su da cewa ba sa neman sakayya ko godiya daga wanda suka ciyar. Neman lada ba ya rage wa mabukaci komai. Hasali ma shi ne garkuwarsa, domin Suratul Baƙara ta yi kashedi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Watau ladan ma ba ya tabbata sai an kiyaye zuciyar wanda aka bai wa.

Wannan shi ne abin da Larabawa ke kira isari, watau fifita wani a kan kai alhali kai ma kana cikin bukata. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin wani mutumin Madina da ya tafi da baƙon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zuwa gidansa, alhali babu komai a gidan sai abincin yara. Matarsa ta lallashi yaran suka yi barci, aka kashe fitila, miji da mata suka riƙa nuna kamar suna ci har baƙon ya ƙoshi. Mu lura da kashe fitilar nan. Ba a kashe ta don kome ba sai don kada baƙon ya san nauyin abin da aka yi masa. A kan irin wannan hali ne aya ta 9 ta Suratul Hashri ta yabi mutanen Madina. Haka kuma malaman tafsiri sun kawo cewa Sayyidina Abubakar, Allah Ya yarda da shi, yana sayen bayi raunana yana 'yantawa a Makka, har mahaifinsa ya ba shi shawara ya riƙa zaɓen ƙarfafa waɗanda za su tsaya masa ranar wuya. Shawarar uban lissafin duniya ce, kuma daidai take a lissafin duniya. Ɗan ya ƙi ta, domin ba a wurinsu yake jiran biya ba.

Yanzu sai mu koma ga dattijon da ya ce ruwa ya sha, bai sha niyya ba. Shi ma yana da rabonsa na gaskiya. Buhun shinkafa ba ya canja ɗanɗano saboda zuciyar mai bayarwa, kuma rijiyar mai riya tana kashe ƙishirwa kamar ta mai ikhlasi. Malaman fikihu sun ce idan mai dukiya ya hana zakka, shugaba yana da ikon karɓa da ƙarfi, kuma talaka ya ci halalinsa. Saboda haka babu laifi a kan mabukaci in ya karɓa, kuma ba a ɗora masa binciken zukata ba.

Amma ga mai bayarwa, niyya ita ce kan aiki. Ba banza ba Imam Buhari ya buɗe littafinsa da hadisin niyya, Imam Nawawi kuma ya sa shi na farko a cikin hadisansa arba'in da kowane ɗalibin makarantar ilmi ya sani. Mai Ahalari ya lissafa riya da jiji da kai da son a ji cikin abubuwan da aka haramta wa baligi, mai Risala kuwa ya kira riya ƙaramar shirka. Imam Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa cikin mutane uku da za a fara yi wa hukunci ranar ƙiyama har da mai dukiya wanda ya ciyar ta kowace hanya, amma a ce masa ya yi ne don a kira shi mai kyauta, an kuwa riga an kira shi. Haka aka ruwaito cewa Adiyyu ɗan Hatimuɗ Ɗa'i, wanda Larabawa ke buga misali da kyautar mahaifinsa, ya tambayi Annabi game da shi, aka amsa masa cewa uban nasa ya nemi wani abu ne kuma ya samu. Abin tsoro a nan shi ne ba a zalunci kowa ba. Kowa an biya shi a kasuwar da ya kai kayansa.

Har ga shi mai karɓa ma, in an duba da kyau, niyya tana fitowa fili ko ba jima ko ba daɗe. Tana fitowa wajen zaɓen wanda za a taimaka: mai son a gani yana neman inda taro yake, ya manta da gwauruwar da kunya ta hana ta fita, da magidancin da ya gwammace ya kwana da yunwa da ya miƙa hannu. Tana fitowa wajen ɗorewa: shinkafar da ake rabawa ana gobe zaɓe ba a sake ganin ta sai bayan shekara huɗu, kuma rijiyar da aka haƙa don allon suna, ranar da injinta ya lalace ba lalle a ga mai gyara ba, domin ba a yi wa gyara bikin buɗewa. Tana fitowa kuma wajen mutunci. A zamanin nan da kowa ke riƙe da waya mai ɗaukar hoto, sau nawa muka ga an jera marayu da tsofaffi a watan azumi, an ɗora musu ƙunshin abinci a hannu, an watsa fuskokinsu a Facebook duniya tana kallo? Yaron nan zai girma, hoton kuwa yana nan. An ba shi abincin kwana uku, an karɓi abin da ya fi shi tsada.

Mu gwada wannan da abin da masu tarihi suka ruwaito game da Aliyu Zainul Abidina, jikan Sayyidina Aliyu. Gidaje da yawa a Madina sun kasance suna samun abinci a ƙofarsu da dare, ba su san mai kawowa ba. Sai da ya rasu abincin ya yanke, masu yi masa wanka kuma suka ga tabon ɗaukar buhu a bayansa, sa'an nan aka gane.

Sai dai a nan akwai rami biyu da ya kamata mu kauce musu. Na farko shi ne mutum ya bar alheri don tsoron riya. Wannan dabarar Shaiɗan ce, domin in ya kasa ɓata aikin sai ya hana yin sa. An ruwaito daga Fudailu ɗan Iyadi cewa barin aiki saboda mutane shi ma riya ne. Kuma ba kowace kyauta ta fili ce riya ba. Alƙur'ani ya yabi sadakar bayyane, ko da yake ya ce ta ɓoye ta fi. Muslim ya ruwaito cewa ranar da waɗansu matalauta daga ƙabilar Mudar suka zo Madina, wani mutum ya kawo jakar kuɗi a gaban jama'a, sauran mutane suka bi sahunsa, Annabi ya yi farin ciki, ya kuma yi bushara ga wanda ya fara kyakkyawan abu aka yi koyi da shi. Haka nan da Abu Zarri ya yi tambaya game da wanda ya yi aikin alheri mutane suka yabe shi, an amsa masa cewa wannan bushara ce da aka gaggauta wa mumini. Yabon da ya zo da kansa ba ya ɓata aiki, wanda aka fita farautarsa shi ne abin gudu. Wanda ya ji niyyarsa ta gauraya, maganinsa shi ne ya bayar, ya nemi gafara, ya ci gaba da gyara. Mai jiran sai zuciyarsa ta yi fari fat kafin ya ciyar, maƙwabcinsa zai mutu da yunwa yana jira.

Rami na biyu shi ne wanda saurayinmu ya faɗa, watau auna niyyar wani. Zuciyar mutum birninsa, kuma Allah kaɗai ke riƙe da mabuɗin. Kowa ya san yadda Annabi ya tsauta wa Usama ɗan Zaidu, duk da irin son da yake yi masa, a kan ya yanke hukunci game da abin da ke cikin zuciyar wani mutum, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar ne ya gani. Attajirin unguwarmu mai yiwuwa ne takara yake nufi, mai yiwuwa ne kuma ya rubuta sunansa don 'yan'uwansa masu hali su ji kunya su yi koyi. Mai yiwuwa ne duka biyun suna kokawa a cikin ƙirjinsa, kamar yadda suke kokawa a cikin nawa da naka. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sau da yawa kuma wanda ya ce babu mai yi don Allah, uzuri yake nema wa hannunsa da ya ƙi buɗewa. Irin wannan magana in ta yaɗu a cikin al'umma, mai kyauta zai ja baya don gudun zargi, matasa su tashi suna ganin alheri wauta ce, wanda zai sha wuya kuwa shi ne talaka.

To, yaya mutum zai gwada kansa? Ga tambayoyi da kowa zai iya yi wa zuciyarsa a keɓe. Da an ce babu wanda zai taɓa sanin kai ka bayar, za ka bayar daidai da haka? Idan wanda ka taimaka ya wuce ka gobe bai gaishe ka ba, ranka zai ɓaci har ka yi da-na-sani? Idan wani ya riga ka share masa hawaye, za ka yi murna ko za ka ji an ƙwace maka wani abu? Idan aka yaba wa wani a kan aikin da kai ka yi, za ka iya yin shiru? Babu wanda zai ci wannan jarrabawa kullum, amma mai yawan yin ta yana tare da samun sauƙi. Shawarata kuma ita ce, kowa ya samu wani alheri guda ɗaya, komai ƙanƙantarsa, wanda daga shi sai Ubangijinsa suka sani: kuɗin makarantar wani maraya, ko bashin wani magidanci a wurin mai shago, ko maganin wata tsohuwa. Wannan shi zai riƙa yi wa sauran ayyukansa na fili wanki.

Saboda haka amsarmu ga saurayin ita ce, taimako na tsakani da Allah yana nan, ko da yake tsantsarsa ta Allah ce, mu kuwa gwargwado muke samu. Amsarmu ga dattijon kuma ita ce, ya sha ruwansa ya yi wa mai rijiya addu'a, amma ranar da shi ne mai bayarwa, ko da loma ɗaya ce, ya tuna cewa za a tambaye shi don wa ya yi.

Allah Ya tsarkake mana niyyoyinmu, Ya tsare mu daga riya da gori da mugun zato, Ya karɓi ɗan abin da muka yi, Ya yafe mana abin da ya gauraya a ciki, amin.